Kore ko Rawaya: Tsakanin John Deere da Caterpillar, Wanne Ya Dace da Aikinka?

Duk wanda ya tara kuɗi yana neman babban inji, na noma ko na aikin hanya, ba zai yi nisa ba sai ya tsaya tsakanin launi biyu: koren John Deere da rawayan Caterpillar. Kowane dillali hajarsa yake yabo, bakanike kuma wanda hannunsa ya saba da shi zai nuna maka. Abin da ba a cika ambata ba shi ne kamfanonin nan biyu a jiha ɗaya suka yi ƙarfi, wato Illinois ta ƙasar Amurka. Daga Moline, gidan Deere, zuwa Peoria, inda Caterpillar ya shafe kusan shekara casa'in da hedikwatarsa, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi ce a mota. Yadda kowannensu ya tashi yana nuna aikin da ya gada da wanda ya shiga daga baya, kuma wannan ya fi takardar talla amfani ga mai saye.

Bari in faɗi matsayata tun da wuri. In aikinka ture ƙasa ne, yanka hanya ko gina madatsar ruwa, Caterpillar ne ya fi dacewa da yawancin masu saye a yankinmu. In noma ne, Caterpillar ba ya ma cikin lissafi, Deere kuma da wasu daban yake takara. Inda ake tafka muhawara shi ne tsakiya: gireda, eskabeta, da ƙaramin injin nan mai bokiti gaba da baya.

Garmar da laka ba ta kamawa

Illinois shimfiɗaɗɗen fili ne mai baƙar ƙasa, mai albarka, mai danƙo. Manoman da suka ƙauro daga gabashin Amurka a shekarun 1830 sun zo da garmunan ƙarfen zubi waɗanda aka ƙera don sakakkiyar ƙasar garuruwansu. Da suka sa su a wannan ƙasa sai laka ta riƙa liƙe wa bakin garmar. Manomi na tafe da ɗan katako a hannu, in shanu suka yi 'yan taku sai ya tsayar da su, ya sunkuya ya kankare, a ci gaba, a sake tsayawa. Haka ake wuni, gonar ba ta yi ko rabi ba.

John Deere maƙeri ne daga jihar Vermont, bashi ya koro shi yamma, ya sauka a ƙauyen Grand Detour a 1836. A shekarar da ta biyo ya samu karyayyen zarton injin tsaga katako, ya yanke shi, ya lanƙwasa, ya goge fuskarsa har tana sheƙi. Ƙasa ta riƙa zamewa a kansa da kanta. Amma a ganina dabararsa ta kasuwanci ta fi garmar tasiri. Maƙeran lokacin sai an ba su aiki suke hura wuta. Shi kuwa ya riƙa ƙera garmuna ya ajiye, sannan a bi manoma da su. A 1848 ya koma Moline, a bakin kogin Mississippi, inda ruwa ke juya injina, jiragen ruwa kuma ke kawo ƙarfe su kwashi kaya. An yi wa kamfanin rajista da sunan Deere & Company a 1868, ɗansa Charles kuma ya shimfiɗa rassan sayarwa a manyan garuruwan noma.

Deere bai yi gaggawar shiga harkar tarakta ba. Sai a 1918 ya sayi kamfanin da ke ƙera Waterloo Boy a jihar Iowa kan kuɗi sama da dala miliyan 2. Taraktarsa samfurin D ta fito a 1923, aka yi ta ƙera ta har 1953. Inji mai silinda biyu kacal ya riƙe har zuwa 1960, dalilinsa kuwa shi ne kayan cikinsa kaɗan ne, manomi zai iya kwance shi a ƙarƙashin bishiya ya mayar. Ka riƙe wannan, don za mu ga yadda abin ya juya daga baya.

A duk tsawon wannan lokaci ba Deere ne babba a Illinois ba. Babban shi ne International Harvester na Chicago, wanda asalinsa injin girbin Cyrus McCormick ne. McCormick ya kafa masana'antarsa a Chicago a 1847, aka haɗe ta da wasu kamfanoni a 1902, jar taraktarsu Farmall kuma ta mamaye gonakin Amurka. Sai a 1963 Deere ya sha gabansa. Daga nan Harvester ya yi ta gangarowa: yajin aiki na kwana 172 tsakanin 1979 da 1980, ga tsadar ruwan bashi, ga manoma sun daina saye. A ƙarshen 1984 ya amince ya sayar da sashen noma ga masu kamfanin Case, masana'antar Farmall ta Rock Island, maƙwabciyar Moline, ta rufe a 1985, ragowar kamfanin ya koma Navistar mai manyan motoci. Deere ma ya sha wuya, ya yi asara a 1986 da 1987, amma ya fita da sunansa da dillalansa. Ga mai sayen injin da zai yi shekara ashirin yana aiki, tsawon ran kamfani ba ƙaramin abu ba ne, kuma a wannan fanni duka biyun da muke magana a kansu sun ci jarrabawa.

Baƙon da ya zo daga California

Shi Caterpillar ba haifaffen Illinois ba ne. Matsalar da ta haife shi kishiyar ta Deere ce. A kwarin San Joaquin na California ƙasar fadama ce mai laushi, manyan taraktocin tururi suna nutsewa a cikinta saboda nauyi. An gwada faɗaɗa ƙafafun har abin ya zama abin dariya, bai yi ba. A watan Nuwamba na 1904 Benjamin Holt na garin Stockton ya cire ƙafafun baya na wata tarakta ya sa mata sarƙa mai faffaɗan katako, nauyin ya bazu, ta ratsa taɓon ta wuce. Da kasuwa ta buɗe sai ya nemi wuri kusa da ƙarfe da layin dogo da manoman tsakiyar ƙasa, ya sayi wata masana'anta da ta durƙushe a East Peoria, aiki ya fara a 1910.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya cika wa Holt aljihu, don taraktocinsa ne ke jan manyan bindigogi a cikin laka. Da yaƙi ya ƙare gwamnati ta zubo rarar injinanta kasuwa da araha, bashi ya taso masa. Abokin hamayyarsa C. L. Best yana da dillalai masu ƙarfi da injin da ake so. A 1925 aka haɗa su, Caterpillar Tractor Company ya fito, hedikwata kuma ta dawo yankin Peoria a 1930. Shekarar 1931 ce ta tsayar da kamannin kamfanin: ya fitar da taraktarsa ta farko mai amfani da man dizal, ya fitar da gireda mai tuƙa kanta, ya kuma bar fenti ruwan toka ya koma rawaya don a hango injin daga nesa a bakin hanya. Wani abin da ba kowa ya sani ba, faffaɗan ƙarfen da ke gaban katafila a farko wasu ne ke ƙera shi su ɗaura. Ɗaya daga cikinsu, R. G. LeTourneau, har masana'anta ya kafa a Peoria a 1935 don ya kasance kusa.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya kai injinan ko'ina. Sojojin Amurka sun share filayen jiragen sama da hanyoyi da katafilar D7 da 'yan uwanta, da suka tashi suka bar da yawa a inda suke. Mutanen wuraren suka koyi tuƙa su da gyara su, suka fara neman kayan gyara. A kan wannan buƙata kamfanin ya gina abin da har yau ya fi kowa da shi: dillalai masu zaman kansu, kowanne da yankinsa, da ajiyar kayan gyara, da kanikawan da kamfani ya horar. Babbar ma'ajiyar kayan gyaransa tana ƙaramin garin Morton kusa da Peoria. Ta Deere ma tana Illinois, a garin Milan kusa da Moline. Bambancin shi ne ta Deere ta taso tana kallon manomin Amurka, ta Caterpillar kuwa tun shekarun 1950 tana kallon ɗan kwangila da mai haƙar ma'adinai a kowace nahiya.

Shi ma ya ga ta kansa. A farkon shekarun 1980 Komatsu na Japan ya matsa masa lamba da inji mai kyau a farashi mai sauƙi, dala ta yi tsada, ma'aikata suka yi yajin aiki na kwana 205. Daga 1982 zuwa 1984 ya yi asarar kusan dala biliyan 1. Ya rufe masana'antu, ya sabunta sauran, ya kuma yi doguwar rigima da ƙungiyar ƙwadago a shekarun 1990 wadda ta bar tabo a Peoria da Decatur. A 2017 ya sanar da mayar da hedikwata kusa da Chicago, a 2022 kuma ya tattara ya koma Irving ta jihar Texas. Manyan katafiloli har yanzu a East Peoria ake haɗa su, manyan motocin ma'adinai a Decatur. Deere na nan a Moline, cikin ginin ƙarfen da Eero Saarinen ya zana aka buɗe a 1964. A girma ba su da nisa sosai: cinikin Caterpillar na 2023 ya kai dala biliyan 67, na Deere biliyan 61.

Inji da inji

Mu fara da katafila, don a nan tazarar ta fi fili. Wannan ita ce sana'ar da aka haifi Caterpillar da ita, jerinsa kuma ya tashi daga ƙanana har D11 ta ma'adinai. Babbar katafilar Deere, samfurin 1050, a ajin D8 take tsayawa. Akwai kuma bambancin gini. Tun 1976 Deere ya rungumi tsarin da matsin man haidurolik ke juya kowace sarƙa daban. Tuƙinsa da daɗi, yana juyawa a wuri ɗaya, sabon direba na saurin kama shi. Sai dai famfunan ba sa haƙuri da datti. Ƙura kaɗan a cikin mai, ko a zuba man da ba nasa ba, sai a ji ƙarfi ya ragu, gyaran kuma ba na bakin titi ba ne. Tsofaffin D6, D7 da D8 masu giya, da injin 3306 ko 3406 a cikinsu, kanikawanmu sun san su ciki da waje. A Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna za ka samu wanda ya taɓa kwance irinsu, ka samu kayan da aka ciro daga wata da ta mutu. In wurin aikinka yana da nisa da babban gari, wannan kaɗai ya isa ya yanke hukunci.

Gireda kuwa ba a yi wa Deere adalci. Shi ne ya fitar da JD570 a 1967, mai gangar jiki da ke lanƙwashewa a tsakiya, kafin jerin G na Caterpillar ya zo da irin wannan a 1973. Samfuransa 670 da 770, da 772 mai ja da ƙafa shida, suna da farin jini wurin ƙananan hukumomin Amurka masu kula da hanyoyin burji. A ingancin aiki ba zan ce 140G ko 140H ta Caterpillar ta fi su ba. Abin da ta fi su shi ne jama'a: direban gireda da ya ƙware a Najeriya galibi a kan Caterpillar ya koya, hannunsa ya san jerin sandunan ba tare da ya duba ba, kuma gireda aikin hannun direba ce fiye da kowane inji. Ga gargaɗi a gefe guda: jerin M na Caterpillar, wanda ya fito wajen 2007, ya cire sitiyari da sanduna ya sa madannan hannu biyu masu aiki da lantarki. Tsohon direba zai buƙaci lokaci, wayoyin kuma ƙarin abin lalacewa ne. Wanda ya samu gireda ta Deere mai lafiya a farashi mai rangwame, kuma yana da hanyar odar kaya, bai yi wauta ba.

A eskabeta labarin ya fi ban sha'awa, don duka biyun Japan suka je. Daga 1988 zuwa 2022 Deere da Hitachi suna da kamfanin haɗin gwiwa, mafi yawan eskabetocin Deere na wannan zamani zanen Hitachi ne da aka yi wa fentin Deere, sau da yawa da injin Deere a ciki. Ma'ana, famfon haidurolik, injin juya jiki da kayan sarƙa da yawa suna da 'yan uwa a jikin Hitachi. Wanda ya san haka ba zai tsaya neman kayan da aka rubuta wa Deere kaɗai ba, zai nemi samfurin Hitachi da ya yi daidai da nasa, ya tabbatar da lamba. Ita ma 320 ta Caterpillar, wadda ta cika wuraren aiki a Afirka ta Yamma, daga haɗin gwiwarsa da Mitsubishi ta fito a farkon shekarun 1990. A nan tazarar ta ragu ƙwarai. Ni dai 320 zan ɗauka in farashi ya yi kusa, saboda sauƙin sayarwa daga baya. In kuwa ratar kuɗin tana da yawa, Deere mai jinin Hitachi ta cancanci a duba ta.

Sai ƙaramin injin mai taya, mai bokitin loda a gaba da hannun haƙa a baya, wanda mutane da yawa ke kira JCB ko da wane kamfani ya ƙera shi. A nan Deere ne yaya: samfurinsa 310 ya fito tun 1971, Caterpillar bai shigo da 416 ba sai 1985. Abin lura ba suna ba ne, tsarin hannun baya ne. Na kasuwar Amurka, irin 310 da 416 da 420, hannun a tsakiya yake a kafe. Na kasuwar Turai, irin 428 da ake haɗawa a Ingila, hannun yana zamewa hagu ko dama. Mai haƙa magudanar ruwa a lungu, jikin katanga, ko shimfiɗa bututu a gefen kwalta, mai zamewar yake buƙata. Mai aiki a fili buɗaɗɗe zai ji daɗin na tsakiya, don ya fi tsayuwa daram. Gaskiya kuma a wannan aji sai ka sa JCB ɗin kansa da Case a cikin lissafi.

Game da kwalta, tun 2017 da Deere ya sayi rukunin Wirtgen na Jamus kan sama da dala biliyan 5, injinan kankare kwalta na Wirtgen, na shimfiɗa ta na Vögele da rola ta Hamm duk nasa ne. Ɗan kwangilar da ke rantsuwa ba ya taɓa kayan Deere wataƙila da rolarsu yake danne hanya. Janareta kuma gidan Caterpillar ne: ban da mai sunansa, Perkins mai ƙera injin dizal nasa ne tun 1998, FG Wilson ma nasa ne. Injinan Deere na cikin wasu janaretoci kuma suna da ƙarko, amma kayan Perkins sun fi sauƙin samu nesa ba kusa ba.

Gona

Caterpillar ya gwada komawa gona da tarakta mai sarƙar roba, Challenger, a tsakiyar shekarun 1980, ya sayar da ita ga kamfanin AGCO a 2002. Don haka manomi ko ƙungiyar manoma da ke tunanin tarakta, zaɓinsu tsakanin Deere ne da Massey Ferguson, New Holland, Mahindra da makamantansu. Wani abin dariya shi ne tsofaffin Massey Ferguson da suka cika Arewa injin Perkins ne a cikinsu, wato ta bayan gida Caterpillar na cikin gonakinmu.

Kuskuren da ake yi shi ne a ga hoton ƙatuwar tarakta ta jerin 8R a gonar masara ta Illinois a ce ita ake so. An ƙera ta ne don gona mai ɗaruruwan hekta a haɗe, da kayan ja masu faɗin gaske, da tauraron ɗan'adam mai nuna mata layi. Wadda ta dace da mai huɗa da haro a gonakin haya ita ce ta jerin 5E, kamar 5075E mai ƙarfin doki 75 da silinda uku, wadda ake haɗawa a Pune ta Indiya don ƙasashe masu zafi da ƙura. Ba ta da tarkacen lantarki da yawa, wato ita ce ta fi kusa da tsohuwar aƙidar kamfanin ta silinda biyu. A Najeriya kamfanin Tata ne ke dillancin Deere, Deere kuma ya zuba jari a 2022 a Hello Tractor, mai manhajar haɗa masu tarakta da manoman da ke neman haya. Tsakaninta da Massey Ferguson, ni abin da zan duba shi ne wa ke da filta, kulochi da famfon mai a garin da ya fi kusa da gonar. Tarakta da ta tsaya mako biyu a farkon damina ta rasa kuɗin shekara.

Abin da ya fi launi muhimmanci

Akwai tambayar da ta fi kore ko rawaya nauyi: wace shekara aka ƙera injin, kuma don wace kasuwa? Daga wajen 2011 zuwa 2015 dokar hayaƙi ta Amurka, wadda ake kira Tier 4, ta sa yawancin kamfanoni ƙara matatar toka a bututun hayaƙi, da tankin wani ruwa na musamman da ake fesawa cikin hayaƙin, da kwamfuta mai lura da komai. Irin wannan inji dizal mai tsabta ƙwarai yake sha, wanda sinadarin sulfur a cikinsa bai wuce kashi 15 cikin miliyan ba. Ka ba shi man da aka saya a jarka, mai ruwa ko gauraye, injekta su lalace, matata ta toshe, kwamfuta ta rage masa ƙarfi har ya koma tafiyar hawainiya. Wannan ya shafi Deere da Caterpillar daidai wa daida. Sabon injin da aka yi gwanjonsa da araha a Amurka zai iya fin tsohon da ya girme shi da shekara goma ba ka ciwon kai. Duka kamfanonin suna ƙera samfura na daban don ƙasashen da dokar ba ta kai can ba, su ne dillalan hukuma ke kawowa. Caterpillar har da wani suna mai rangwame yake da shi, SEM, da ake ƙerawa a China.

A nan ne tarihin Deere ya juya. Kamfanin da ya yi suna da injin da manomi ke gyarawa da kansa, shi ne yau manoman Amurka suka fi kuka da shi kan cewa wasu gyare-gyaren ba sa kammaluwa sai ma'aikacin dillali ya zo da kwamfutarsa. A Janairun 2023 ya sa hannu kan yarjejeniya da babbar ƙungiyar manoman ƙasar cewa zai sauƙaƙa samun kayan bincike, amma a Janairun 2025 hukumar kula da gasar kasuwanci ta tarayya ta maka shi kotu kan wannan batu. Caterpillar ma yana da tasa manhajar binciken da sabbin injinansa ba sa gyaruwa sai da ita. To in manomin Iowa, da dillali ke kusa da shi, yana ƙorafi, ina ga mai inji a Gashuwa ko Maraɗi? Kafin ka biya, ka tambayi bakanikenka ko yana da na'urar da ke karanta wannan samfurin. In ya yi shiru, ka samu amsa.

Ta fuskar dillalin hukuma, Mantrac ne ke riƙe da Caterpillar a Najeriya da Ghana, da rassa da wuraren gyara, kuma ko na hannu ka saya za su iya duba lambar injin su sayar maka da kayan da suka dace. Kamfanin yana da tsarin karɓar tsohon famfo ko inji ya ba ka wanda aka sabunta a masana'anta a ƙasa da kuɗin sabo. Farin jinin yana da nasa illar. Kuɗin sayen Caterpillar na hannu ya fi yawa, kayan jabu masu kwalin rawaya kuma sun cika kasuwa, musamman filta da injekta. Na Deere ba a cika yin jabunsu ba don masu nema kaɗan ne, amma kana iya jiran kaya daga waje makonni, inji na zaune, direba na cin albashi. Araha ba ta ado, kuma rangwamen da ka samu ranar saye shi za ka mayar ranar sayarwa, don masu neman katafilar Deere ta hannu ba su da yawa.

Kowanne ka zaɓa, kada agogon awa ya ruɗe ka, ana canza shi. A katafila ko eskabeta ka durƙusa ka duba ƙasa, don kayan sarƙa kan cinye kusan rabin kuɗin kula da katafila. Ka shafa haƙoran babbar giyar da ke jan sarƙa: in sun yi tsini kamar ƙaya, sun ƙare. Ka duba ko rololin suna zubar da mai, ka ga ko an ja abin ɗaure sarƙar har ƙarshe don a ɓoye sakinta. Ka je da sassafe a tayar da injin a gabanka yana sanyi, don mai sayarwa ya fi so ka tarar da shi da ɗumi. Ka cire murfin zuba baƙin mai yana aiki, ka ga ko hayaƙi na bugowa da ƙarfi. Ka buɗe gidan filtar iska ka sa yatsa a bututun da ke bayanta: in ka ji ƙura a can, ƙasa ta riga ta shiga injin, kuma harmatan ɗinmu zai ƙarasa abin da ya rage. Sannan ka karanta farantin da ke jiki ka ga inda aka haɗa shi, Amurka ko Ingila ko Brazil ko Japan ko Indiya, don lambar kayan gyara kan bambanta.

Saura mutumin da ke da gona babba kuma yana son ya share sabon fili, ya tone tafki, ya yi hanyar shiga. Shi ne ya fi yawan tambayar wanne zai saya a cikin biyun, kuma sau da yawa katafilar ce ke burge shi. Aikin share fili da tafki na 'yan makonni ne, bayan haka injin zai zauna yana tsatsa sai in ya shiga harkar ba da haya gadan-gadan, da babbar motar ɗaukarsa da direba na dindindin. Ya yi hayar D6 ko D7 da rani, a biya ta kwana ko ta awa, man a wuyansa don ya san abin da aka zuba. Kuɗin sayen ya sa su a tarakta mai ƙarfin doki 75 da garma da haro da tirela, ya ware wani kaso tun ranar farko na filtoci, baƙin mai da tayar gaba.